Hulɗar Direbobin Na'ura da Juna a Cikin Kanel: Nazari Daga Na'urorin da Ake Aiki da Su a Birnin Kudu da Gwaram

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin hanyoyin da direban na'ura yake bi wajen samun hidimar da wani direba ya tanada, ta kuma kwatanta yadda Linux, wanda wayoyin Android suke tsaye a kansa, da Windows suka tsara wannan hulɗa. An ɗauko misalan daga na'urorin da suka zama kayan yau da kullum a kudancin Jihar Jigawa, wato wayar hannu da na'urar POS da na'urar ɗaukar zanen yatsa. Matsayar maƙalar ita ce, kiran da direba yake yi wa ɗan'uwansa abu ne mai sauƙi, wahalar tana wajen tabbatar da cewa wanda ake kira ya riga ya tashi, yana nan bai ɓace ba, kuma bai canja sharuɗɗan da aka san shi da su ba.

Gabatarwa

Direban na'ura manhaja ce ƙarama da take tsaye tsakanin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ko waya da wani sashe na ƙarfe, kamar kyamara ko sikirin ko na'urar buga rasit, kuma aikinsa shi ne mayar da buƙata ta gama-gari zuwa umarnin da wannan sashe kaɗai yake fahimta. Galibin direbobi suna aiki ne a cikin kanel, wato tsakiyar babbar manhaja inda babu shinge tsakanin wannan manhaja da waccan a ƙwaƙwalwar na'ura, shi ya sa kuskuren direba guda yake iya tsayar da na'ura baki ɗaya. Binciken da masana na Jami'ar Stanford suka fitar a 2001 ya gano cewa yawan kurakurai a direbobin Linux ya ninka na sauran sassan kanel sau uku zuwa bakwai, sannan wani bincike na Jami'ar Washington a 2003 ya ruwaito cewa direbobi ne sanadin kashi 85 cikin ɗari na faɗuwar Windows XP da aka kai rahotonsu a lokacin.

Abin da aka kira mahaɗa a wannan maƙala shi ne yarjejeniyar da direba yake bayyanawa ga sauran direbobi, wadda ta ƙunshi sunayen ayyukan da za a iya nema a wurinsa, da irin bayanan da za a miƙa masa, da abin da zai mayar, da yanayin da ya halatta a kira shi a ciki. Direban da ya tanadi mahaɗar shi ne mai bayarwa, wanda yake amfani da ita kuwa shi ne mai nema.

Batun ya shafi ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram kai tsaye, domin tun da aka wajabta haɗa lambar zama ɗan ƙasa da layin waya a Disambar 2020, kwamfutocin da aka jona wa na'urar ɗaukar zanen yatsa suka yawaita a wuraren rajista, sannan ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wanda ya biyo bayan sauya fasalin kuɗi, ya sa na'urar POS ta shiga shaguna da kasuwanni, har da kasuwar Sara. A zaɓukan 25 ga Fabrairu da 18 ga Maris na 2023 an tantance masu jefa ƙuri'a da na'urar BVAS, wadda ta haɗa kyamara da mai karanta zanen yatsa a jiki ɗaya. Kowace daga cikin waɗannan na'urori, tare da kwamfutocin ofisoshi da na asibitoci irin su Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, tana ɗauke da gomman direbobi da suke dogara ga juna.

Dalilin da Ya Sa Direba Yake Bukatar Wani

Idan aka ɗauki tacin wayar Tecno ko Infinix ko itel, waɗanda kamfanin Transsion na birnin Shenzhen yake ƙerawa, yawancinsu a kan aisi, wato ƙwayar lantarki, na MediaTek ko Unisoc, za a ga cewa aisin da ke gane taɓin yatsa ba ya magana da babban aisin wayar sai ta wani layi mai waya biyu da ake kira I2C, wanda kamfanin Philips ya ƙirƙiro a 1982. Direban taci bai san yadda ake sarrafa wannan layi ba, kuma bai kamata ya sani ba, domin wannan aikin direban layin ne. Haka kuma yana bukatar wanda zai buɗe masa wutar da aisin zai ci, da wanda zai sanar da shi duk lokacin da ƙafar aisin ta nuna an taɓa sikirin, da wanda zai karɓi sakamakon ya miƙa wa manhajojin da mai wayar yake gani. Kyamara ta fi haka bukata, tun da sau da yawa tana cin wuta iri uku, kamar bolt 2.8 da 1.8 da 1.2, tana kuma bukatar agogon lantarki da zai riƙa ba ta bugu, wanda a wayoyi da dama miliyan 24 ne a kowace daƙiƙa, kuma dole a kunna waɗannan bisa jerin da maƙerin ya gindaya.

Hanyoyin Linux

Hanya mafi tsufa a Linux ita ce fitar da suna, inda mai bayarwa yake sanya alamar EXPORT_SYMBOL a kan wani aiki nasa, sai kanel ta shigar da sunan da adireshinsa a jadawali, duk mojul ɗin da aka loda daga baya, wato direban da ake iya ɗorawa ko saukewa alhali na'ura tana aiki, zai sami adireshin a lokacin lodawa. Kanel tana rubuta cewa wannan mojul ya dogara ga wancan, don haka ba za ta yarda a sauke mai bayarwa ba matuƙar mai nema yana nan. Akwai kuma alamar EXPORT_SYMBOL_GPL, wadda take taƙaita amfani ga mojul masu lasisin da ya dace da GPL, wato lasisin kanel ɗin Linux, abin da ke nuna cewa mahaɗa a Linux ta wuce batun fasaha kaɗai, ta shafi shari'a da siyasar wane ne yake buɗe rubutun manhajarsa. Raunin wannan hanya a bayyane yake: tana tabbatar da cewa rubutun mai bayarwa yana cikin ƙwaƙwalwa, amma ba ta cewa komai game da ko sashen ƙarfen da yake kula da shi ya tashi, sannan tana ɗaure mai nema ga direba guda da sunansa.

Saboda haka ne mafi yawan hulɗar direbobi a Linux na yanzu take bi ta sashen tsakani, wato wani ɓangare na kanel da aka keɓe wa hidima iri ɗaya, kamar sashen masu daidaita wuta da ya shiga kanel a 2008, ko sashen agogo na bai-ɗaya da ya shiga a 2012. Mai bayarwa yana yin rajista a sashen ta hanyar miƙa jadawalin adiresoshin ayyukansa, shi kuma mai nema yana zuwa sashen ne, ya kira regulator_get ko clk_get ko gpiod_get, ya karɓi wata shaida da zai riƙa amfani da ita, ba tare da ya taɓa sanin wane kamfani ne ya ƙera aisin wutar ba. Matsayin sashen tsakani ya yi kama da na dillali a kara, wanda mai saye da mai sayarwa ba sai sun san juna ba, tun da shi ne ya san su duka, kuma shi ake tuhuma idan ciniki ya tashi. Amfanin wannan tsari ya wuce ɓoye suna, domin sashen yana riƙe da lissafi: idan kyamara da taci suna shan wuta daga layi ɗaya, sashen masu daidaita wuta yana ƙirga masu amfani da layin, kuma ba zai kashe shi ba sai na ƙarshensu ya ce ya gama. Da kowanne yana kiran direban aisin wutar kai tsaye, da rufe kyamara zai iya kashe taci.

Tambayar da ta rage ita ce yadda sashen tsakani yake sanin wane layin wuta ne na taci a wannan samfurin waya, alhali a wani samfurin layin daban ne. A na'urorin da ke kan aisin ARM amsar tana cikin bishiyar na'ura, wato fayil da ke bayyana kowane sashe na ƙarfe da alaƙarsa da sauran, tsarin da ya samo asali daga ƙa'idar Open Firmware ta 1994, wanda masu aikin ARM a Linux suka runguma sosai bayan da Linus Torvalds ya soki cunkoson rubutun allunan na'urori daban-daban a 2011. A cikin wannan fayil, bayanin taci yana ɗauke da kalmar dacewa wadda da ita ake zaɓar direbansa, da kuma manuni zuwa layin wutarsa da ƙafafun aisin da yake amfani da su.

Matsalar Wanda Zai Fara Tashi

A nan ne batun ya fi zurfi. Kanel ba ta da cikakken jerin da za ta bi wajen tayar da direbobi, saboda wasu a cikinta aka gina su, wasu kuma mojul ne da ake lodawa daga baya, don haka yana yiwuwa direban taci ya zo neman wuta alhali direban aisin wutar bai yi rajista ba tukuna. Shekaru da dama masu rubuta direbobi suna magance wannan da dabarar gaggauta wasu da jinkirta wasu a matakan tashin kanel, dabarar da take aiki a allo ɗaya ta rushe a wani. A 2012, a Linux 3.4, aikin Grant Likely ya kawo amsa ta musamman mai suna EPROBE_DEFER, wadda ma'anarta ita ce abin da ake nema zai iya zuwa amma bai zo ba, sai kanel ta ajiye mai nema a jerin masu jira, ta sake gwada shi duk lokacin da wani direba ya yi nasarar tashi. Dabara ce mai sauƙi da ta yi tasiri, sai dai tana da tsada, domin ana iya gwada direba ɗaya sau da yawa kafin ya dace, kuma idan mai bayarwa bai zo ba har abada, mai nema zai ci gaba da zama a jerin. Mai bincike zai iya ganin sunayen irin waɗannan a fayil ɗin devices_deferred, amma mai wayar abin da yake gani kawai shi ne sikirin da ba ya amsa yatsa.

Tashi rabin matsalar ne, domin wayar hannu tana kwanciya tana farkawa sau ɗaruruwa a rana don adana batir, kuma dole mai nema ya kwanta kafin mai bayarwa, ya farka bayansa. Igiyoyin na'ura da Rafael Wysocki ya shigar a Linux 4.10 a 2017 sun ba kanel damar rubuta wannan dogaro a fili, ta yadda za ta kiyaye jerin a lokacin kwanciya da farkawa da kashewa, ta kuma cire mai nema kafin ta cire mai bayarwa. Daga baya aikin Saravana Kannan na Google ya sa kanel take ƙirƙirar waɗannan igiyoyi da kanta ta hanyar karanta bishiyar na'ura. A yanki irin na kudancin Jigawa, inda zafin watan Afrilu yake haura digiri 40, kuma wayoyi da na'urorin POS suke yawan aiki da ragowar batir ko a jone da cajar sola, sashen kula da zafi yana yawan umartar direban saurin aisi ya rage gudu, a wayoyi da dama kuma har direban caji yake rage wutar da yake ja. Hanyoyin da ake ɗauka na gefe ne a ɗakin gwaji mai sanyi su ne na'urar take bi kullum a nan.

Hanyoyin Windows

Tsarin direbobi na WDM, wanda ya zo da Windows 98 da Windows 2000, ya jera direbobin kowace na'ura ɗaya a kan ɗaya, direban layi a ƙasa, direban aikin na'urar a samansa, tare da masu tacewa a tsakani idan akwai, kuma saƙon buƙata da ake kira IRP yana shiga daga sama ya gangara har ya sami mai amsa shi. Idan aka jona na'urar ɗaukar zanen yatsa a kwamfutar wurin rajista ta kafar USB, direbanta ba ya taɓa ƙarfen USB, yana shirya buƙata ce ya tura ta ƙasa zuwa direbobin USB na Microsoft. Wannan ita ce hanya ta farko, kuma ita ce mafi aminci, tun da babbar manhaja tana ganin kowane saƙo, tana kuma iya soke shi.

Hanya ta biyu ita ce neman mahaɗa ta kira kai tsaye, wadda ake bi idan aika saƙo a kowane lokaci zai yi nauyi. Mai nema yana tura buƙatar IRP_MN_QUERY_INTERFACE ɗauke da lambar shaida mai bit 128 da ake kira GUID, wadda take bambanta wannan mahaɗa da kowace irinta, tare da girman gurbin da ya tanada da sigar da yake fahimta. Direban da ya gane lambar yana cike gurbin da adiresoshin ayyukansa, bisa sharaɗin kada ya ba da sigar da ta wuce wadda aka nema ko ya rubuta fiye da girman gurbin, idan kuwa babu wanda ya gane ta, buƙatar tana dawowa da amsar cewa ba a tallafa mata ba. Da haka ne direban na'urar PCI yake samun BUS_INTERFACE_STANDARD don karanta bayanan saitin na'urarsa. Abin lura shi ne, kowace irin wannan mahaɗa tana farawa da girma da siga da ayyuka biyu na ƙirga masu riƙe da ita, ɗaya na ƙarawa ɗaya na ragewa, kuma wajibi ne mai nema ya saki abin da ya riƙe idan ya gama. Wato Microsoft ta sanya batun siga da batun tsawon rai a goshin yarjejeniyar kanta.

Idan mai bayarwa yana wani jeri daban, sai ya yi rajistar mahaɗarsa da IoRegisterDeviceInterface, mai nema kuma ya yi rajistar a sanar da shi zuwanta da tafiyarta ta IoRegisterPlugPlayNotification, maimakon ya ɗauka tana nan. Cirewar na'ura iri biyu ce: wadda ake neman izini tukuna, inda mai nema yake samun damar sakin mahaɗar, da ta bazata, inda aka zare waya ko kafar ta yi sako-sako. Ta biyun ita ce ruwan dare a wuraren rajista da shagunan buga takardu, inda ake yawan zare na'ura a sake jonawa, kafofin USB suka sha ƙura, wuta kuma take sauyawa tsakanin janareta da inbata. Direban da ya ci gaba da kiran adireshin da mai shi ya riga ya bar ƙwaƙwalwa yana iya jawo shuɗin sikirin da ma'aikata suke ɗora wa laifin bairos. Tsarin KMDF da Microsoft ta fitar a tsakiyar shekarun 2000 ya ɗauke wa marubuta da yawa daga wannan nauyi ta ayyuka irin su WdfFdoQueryForInterface, amma bai ɗauke musu wajibcin sakin abin da suka riƙe ba.

Yadda ƙaramin saɓani a yarjejeniya yake girma a cikin kanel ya bayyana a ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da sabuntawar kamfanin CrowdStrike ta tsayar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft. Rahoton kamfanin kansa ya nuna cewa wani ɓangare na manhajar yana sa ran bayanai 21, alhali ɓangaren da ke miƙa masa 20 ya tanada, sai direban ya karanta wurin da ba nasa ba. Saɓanin ya auku ne tsakanin sassan manhajar kamfani ɗaya, ba tsakanin direbobi biyu ba, amma irinsa ne ainihin abin da gurbin girma da siga yake ƙoƙarin hanawa.

Tsayayyar Yarjejeniya da Teburin Mai Gyara

Linux da Windows sun rabu a kan tambayar ko ya kamata mahaɗar cikin kanel ta tsaya ba ta canjawa. Microsoft tana kiyaye tsofaffin mahaɗu na shekaru masu yawa saboda direbobi na hannun kamfanoni ne da ba ta ganin rubutunsu, su kuwa masu kula da Linux, kamar yadda Greg Kroah-Hartman ya bayyana a wata takarda da ke cikin kundin kanel, ba su yi alkawarin haka ba, hujjarsu ita ce duk wanda ya canja mahaɗa shi zai gyara dukkan direbobin da ke cikin kundin da suke amfani da ita. Hujja ce mai ƙarfi ga direban da ke cikin kundin, amma direbobin wayoyi masu araha da yawa a wajensa suke, a hannun masu ƙera aisi, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa irin waɗannan wayoyi suke tsufa a kan kanel ɗin da suka fito da ita. Google ta shiga tsakani tun daga Android 12 a 2021, inda ta wajabta wa wayoyin da suka fito da kanel 5.10 ko sama amfani da kanel ta bai-ɗaya mai suna GKI, tare da ƙayyadadden jerin sunayen da mojul ɗin kamfanoni za su iya kira, waɗanda ba sa canjawa a tsawon rayuwar kowace siga ta kanel ɗin.

Wanda yake cin karo da wannan duka a aikace shi ne mai gyaran waya a bakin tasha a Birnin Kudu ko Gwaram, wanda kayan gyaransa galibi daga kasuwar Farm Center ta Kano suke zuwa. Waya mai suna ɗaya da lamba ɗaya tana iya fitowa daga masana'anta da sikirin na kamfanoni daban-daban, aisin tacinta na iya zama na Goodix a wannan rukuni, na FocalTech a wancan, kuma manhajar masana'anta tana ɗauke ne da direbobin waɗanda maƙerin ya yi amfani da su kawai. Idan aka sa sabon sikirin mai aisin da ba ya cikin jerin, direban zai aika tambaya ta layin I2C, bai sami amsar da ya sani ba, ya janye, hoto ya fito amma taci ya mutu. Haka nan idan aka yi filashin da fayil na wani rukuni, sikirin yana iya yin fari ko baƙi duk da wayar ta kunnu, saboda direban sikirin da bishiyar na'urar da aka ɗora ba su dace da ƙarfen da ke ciki ba. Masu gyara sun gano waɗannan ƙa'idoji ta hanyar gwaji, suna duba lambar da ke jikin igiyar sikirin, suna adana fayiloli bisa lambar sigar manhaja, kuma wannan ilimi ne na gaske, sai dai yana tsayawa a daidai inda rajistar saƙonnin kanel take farawa. Umarnin dmesg, a wayar da aka samu izinin karanta shi, yana nuna ko direban bai sami aisinsa ba ne, ko yana jiran layin wutar da bai yi rajista ba, biyun kuwa magani daban suke bukata, na farko canjin sikirin, na biyu manhajar da ta dace. Darussan gyaran waya da ake koyarwa a cibiyoyin koyon sana'a, da kwasa-kwasan kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutse da cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta Kazaure, za su iya haɗuwa a wannan gaɓa ba tare da sayen kayan aiki masu tsada ba, domin tsohuwar waya da igiyar USB da kwamfuta mai Linux sun isa ɗalibi ya ga direba yana nema, yana jira, yana samu ko yana rasawa. Lasisin GPL na biyu ya wajabta wa duk kamfanin da ya sayar da waya mai kanel ɗin Linux ya ba da rubutun kanel ɗin ga wanda ya saya idan ya nema, haƙƙin da ƙungiyoyin masu gyaran waya da sassan jami'o'i suka fi ɗaiɗaikun mutane ƙarfin nema.